Keken Illo a Hawan Mambila

Tun daga tashar Sakkwato mutane suka fara tambayata abin da ya haɗa ni da keke a saman mota. Mai buhun albasa ba a tambayarsa, mai rago ba a tambayarsa, amma ni da na ɗauko tsohon baƙin keke tun daga Tajaye, na biyo da shi ta Ƙonni na tsallako iyaka, kowa sai ya leƙo ya ji. Wani tsoho da muka zauna kujera ɗaya ya dube ni, ya dubi rufin motar, ya ce, "Samari, inda za ka ba a sayar da keke ne?"

Na ce, "Saƙo ne, Baba."

"Saƙon wa?"

"Na wata mata zuwa ga mijinta."

Ya ɓare goro ya miƙo mini rabi. Bai ƙara tambaya ba har ya sauka a Gusau.

Matar yayata ce, Rabi. Mijin kuwa Illo, wanda ya tafi ci-rani bayan shekarar fari, ya nufi wani wuri a Najeriya da ake kira Mambila, inda aka ce masa shanu ba su san rani ba. Shekara shida ke nan. Kowace shekara wani ɗan tireda zai zo da saƙon baki, kuma saƙon ɗaya ne: yana gaida kowa, yana nan tafe. A shekara ta shida haƙurin Baba ya ƙare. Ya ce ranar da ruwan farko ya sauka a Tajaye, washegari zai kai maganar gaban alƙali a raba auren, ɗiyarsa ba za ta tsufa tana jiran saƙon baki ba.

Yaya ba ta yi kuka ba. Tun tafiyar Illo ta rataye kekensa da igiya a azarar ɗakinta don kada gara da yara su taɓa shi, duk Juma'a tana shafa wa sarƙar man gyaɗa. Ran nan ta sauko da shi ta kira ni.

"Isuhu, ka kai wa mai shi. Kak ka ce mishi komi. In ya amsa ya jingine, ka juyo, na ji. In ya hau, shi ya san hanya."

Ni a lokacin na bar lakwal, wato makarantar boko, ban daɗe ba, ba ni da aikin da ya wuce karatun ƙananan littattafan soyayya da nake sayowa a kasuwar Illela ta bayan iyaka. A cikinsu koyaushe akwai ɗan aike mai amana, wanda yake ratsa daji don ya haɗa masoya. Da Yaya ta gama magana sai na ji kamar an buɗe littafi an sa ni ciki. Ta ce kada in ce komai, amma kafin mu kai Zariya na tsara jawabi a zuciyata, mai taurari da hawaye, wanda na tabbata zai sa dutse ya yi laushi.

Abu ɗaya na taɓa a jikin keken. Illo dogo ne, ni gajere, don haka na aro kile, wato sifana, wajen wani mai gyara na sauke sirdin ƙasa daidai ƙafata. Birki kuwa babu, kuma ban ga abin damuwa ba. A wajenmu rairayi ne birki. In kana son tsayawa ka daina taka feda, ƙasa ta riƙe ka, in kuma kana sauri ka ɗora takalminka a tayar gaba. Illo da kansa ya cire ƙarafan tun yana zuwa Malbaza lodin siminti, ya ce nauyi ne kawai da ƙara.

Daga Zariya zuwa Gombe ban riƙe komai ba sai ciwon baya da dariyar mutane. Da na buɗe baki na ce munka taho, sai wani ya kwaikwaye ni, a ce ga ɗan Faranshi, wato mutumin Nijar. Ba da mugunta ba ne, amma duk sanda aka yi sai in tuna da muryar Inna tana kiran awaki da yamma. Bayan Gombe ƙasa ta fara sauya launi. Na ga kogin da ban hango ƙarshen faɗinsa ba, na ga itatuwan da ban san sunansu ba. Kafin Jalingo kuwa sai ga hadari ya taso daga gabas, ya zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mutanen motar suna murna da sanyi, ni gabana yana faɗuwa. Na ce a raina ruwan nan hanyar garinmu ya nufa, ni ina tafiya kudu yana tafiya arewa, kuma ba ya tsayawa a tasha.

A Jalingo na haɗu da mutumin da ya fi kowa daɗin baki a duk tafiyar. Yana da hula mai kyau da tsohuwar motar hawan dutse, ya ce har saman Mambila zai kai ni. Ƙanena yake kirana. Da na ba shi labarin Yaya har idonsa ya yi ja, ya ce irin waɗannan matan sun ƙare a duniya. Na ba shi kuɗin mota tun a tasha, na kuma ba shi ajiyar jakata a gaba kusa da shi, don ya ce ruwa yana shiga baya.

Muka wuce Bali, muka wuce Serti, da la'asar muka tsaya a wani ƙaramin gari a gindin dutsen, Mayo Selbe. Ya ce kowa ya sauka a sake ɗaurin kaya kafin a fara hawa. Aka sauke keken. Ni kuwa tun daga gida ban taɓa barin keken nan ya ɓace wa idona ba, don haka da zan je salla sai na tura shi har ƙofar masallaci. Ina sallamewa na fito, babu mota, babu mai hula. Ya tafi da tufafina, da bargona, da ragowar guzurina, da littattafai huɗu. Abin da zan faɗa mai karatu zai yi dariya, amma gaskiya ne: a wannan lokacin ba bargon ne ya fi yi mini zafi ba. Akwai littafi ɗaya da na kai tsakiyarsa, an raba yarinyar da saurayin, shi yana kurkuku bisa ƙazafi. Na zauna a bakin hanya ina tunanin yanzu wa zai fito da shi.

Wata dattijuwa mai gasa masara ta daɗe tana kallona. Hausarta kaɗan ce. Ta miƙo mini masara biyu da ayaba, na nuna mata aljihuna babu komai, ta kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. Mijinta mai faci ne a gindin mangwaro, shi ya ba ni tabarma a zaurensa. Da safe ya busa mini tayoyi, ya juya keken yana dubawa, sai ya tsaya a hannun.

"Ina birkinka?"

Na ɗaga ƙafa na nuna masa takalmina.

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira maƙwabcinsa ya zo ya gani. Da ya lafa ya ce in zauna kwana biyu ko uku, akwai wani direba mutumin kirki da zai zo, zai roƙe shi ya hau da ni. Na ɗaga kai na dubi dutsen. Rabinsa na sama ba a gani, gajimare ya rufe shi. Na tuna da Baba da alƙali. Na kuma tuna, in faɗi gaskiya, cewa a littafi ɗan aike ba ya isowa a bayan motar wani yana zaune kan buhun gishiri. Na ce masa hawa zan yi, mai hawa kuwa ba ya neman abin tsayawa. Ya ɗaura mini gorar ruwa a kariyar bayan keken.

Duwatsun ƙasarmu na san su, akuya tana hawa ta sauko kafin rana ta yi tsaka. Wannan kuwa ba dutse ba ne, wata ƙasa ce aka ɗora a kan ƙasa. Da farko hanyar ta lallaɓa ni, tana hawa a hankali cikin inuwa, har na fara waƙa. Daga nan ta miƙe tsaye. Na tashi daga sirdi ina taka feda da dukkan nauyina, keken yana kuka, cinyoyina suna wuta. Inda na kasa in sauka in tura, inda ta ɗan kwanta in sake hawa. Hanyar tana naɗewa kamar rawani. Ka sha kwana kana cewa wannan ce ta ƙarshe, sai ka ɗaga kai ka hango wata a samanka, da wata a saman waccan.

Amma abin da idona ya gani a ranar, har yau in na rufe ido yana nan. A hannun hagu bangon dutse ne, ganyaye masu kama da gashin jimina suna reto a jikinsa. A hannun dama babu komai sai iska, can ƙasa kuma daji shimfiɗe, kogi yana ƙyalli a cikinsa kamar zaren azurfa da ya faɗo daga hannun amarya. Shaho yana shawagi, amma a ƙasana yake, bayansa nake gani. Birai suna zaune a bakin hanya da 'ya'yansu, suna kallona kamar dattawan da aka kawo wa ƙara.

A wata kwana na ji ƙara, na ɗauka mota ce. Ashe ruwa ne yake fitowa daga jikin dutse, fari fat, yana zuba a gefen hanya yana wucewa abinsa. Babu guga, babu igiya, babu layi, babu mai shi. Na tsaya na daɗe. Na tuna da rijiyar Tajaye, da tafin hannun Yaya da igiya ta mayar kamar fatar ganga. Na sha har cikina ya yi nauyi, na wanke fuska, na kuma wanke wa keken ƙurar garinmu da ta maƙale a ƙasan sirdi, daga baya na yi nadamar wanke ta.

Gaba kaɗan na leƙa ƙasa na hango gawar wata babbar mota a cikin kwazazzabo, ƙafafunta a sama, ciyawa ta tsiro ta tagoginta. Na yi wa mutanenta addu'a na wuce. Ban kawo komai a raina ba.

Wajen azahar hanyar ta yi abin da ban zata ba. Bayan wata kwana sai ta sunkuya ƙasa, tana gangarawa zuwa wata ƙaramar gada kafin ta sake hawa. Na yi murna, na hau sirdi na saki ƙafa. Iska ta cika mini riga. Na ce yau ga ni tsuntsu. Kafin in gama wannan tunanin itatuwa sun fara wucewa ta gefena kamar ana jefo su. Na daina taka feda ina jiran ƙasa ta riƙe ni, amma wannan ƙasar ba ta riƙe kowa. Na ɗora takalmi a tayar gaba kamar yadda muka saba. Na ji ƙaurin roba, na ji zafi a tafin ƙafa, sai takalmin ya fizge ya yi sama. Gadar tana tahowa, kuma kafin ita akwai kwana, bayan kwanar kuwa iska ce kawai. Ban san ya aka yi ba, na karkata hagu wajen bangon, na rungumi ciyawa da ƙaya da laka.

Na daɗe kwance ina jin tayar baya tana juyawa ita kaɗai. Abin da na fara dubawa keken ne. Ƙararrawar ta karkace, fenti ya goge a gefe, sauran lafiya. Gwiwata ce ta tsage, jini yana bin ƙaurina.

A haka wani Bafillace ya same ni. Ya gangaro daga tudu da lema a rataye a bayansa, jajayen shanu masu dogon ƙaho suna biye da shi. Ba ya jin Hausa, ni kuma Fillancina bai wuce gaisuwa da sunan nono ba, wanda na tsinta wajen makiyayan da ke sauka bayan garinmu da kaka. Na gaishe shi da abin da na iya, ya yi murmushi. Ya wanke mini ciwon, ya matse wani ganye a kai, ya yage gefen ƙyallensa ya ɗaure. Ya tatso madara da ɗuminta ya ba ni. Sannan ya shiga ciyawa ya nemo takalmina, tsakiyarsa ta cinye, ya ɗaure mini shi a ƙafa da zare. Da zan tafi ya dafa hannun keken, ya dunƙule hannuwansa biyu a iska kamar mai matsa wani abu, ya nuna hanyar ƙasa, ya girgiza kai. Wannan karon na gane. Ya cire buhun roba da yake yafawa saboda ruwa ya ɗora mini a kafaɗa, ya bi shanunsa.

Daga nan turawa na fi yi. Sanyi ya fara shiga ƙashina, itatuwa suka ragu, ciyawa ta yawaita. Sai na ga wani farin abu ya tare hanya a gabana, yana motsi a hankali. Na tsaya. Gajimare ne. A garinmu gajimare abu ne da ake fita bayan gari a roƙa, tsofaffi su ɗaga kai suna bin sa da ido har ya wuce wata ƙasa. Yau ga shi kwance a kan hanya kamar saniya mai hutawa. Na yi bisimilla na shiga.

A ciki babu sama babu ƙasa. Ba na ganin abin da ya wuce tayar gaba. Ba ruwa ake yi ba, amma gashina ya jiƙe, girata tana ɗiga. Na buɗe baki na ɗanɗana, ba shi da ɗanɗano sai sanyi. Ina jin kukan shanu ban san daga ina ba, da muryar wata mace tana waƙa can nesa, ko kusa. Na riƙa kaɗa ƙararrawa don kada mota ta hau ni, ƙarar tana fita ba ta dawowa. Na buɗe gorar da ta ƙare na riƙe ta a iska, wai in ɗebar wa Inna. Na kuma yi wa gajimaren magana, tunda babu mai jina. Na ce in kai ne za ka Tajaye, don Allah ka ɗan ƙara kwanciya a nan.

Ban san lokacin da na fito ba. Fari ya yi shara-shara, sai rana. Hanyar ta kwanta. Gabana tuddai ne kore shar, ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen gani, sumul kamar an share su, shanu warwatse a kansu, dogayen itatuwa jere suna ƙamshin man zafi. Na waiwaya, gajimaren yana ƙasana kamar audugar da aka baza a shanya. Na hau keken da ƙafa ɗaya mai ciwo, na taka a hankali, hawaye suna zuba ban san na mene ne ba.

Garin farko a saman shi ne Maisamari. Na tambayi wani mai kanti ko ya san Illo, dogo, mutumin Nijar.

"Ɗan Faranshi mai shayi? Mai ɗingishi? Ai ka wuce shi. Rumfarsa ce ta farko, daidai inda motoci ke fara gangara."

Na ce Illon da nake nema ba ya ɗingishi. Ya ce to wannan yana yi.

Na juya. Rumfar langa-langa ce, hayaƙi yana fita. Wani mutum ya ba ni baya yana hura wuta. Jawabina yana nan a shirye, na ma maimaita farkonsa. Amma hannuna ya riga bakina, na kaɗa ƙararrawa. Mutumin ya tsaya cak da mafici a hannu. Ya daɗe bai juyo ba. Da ya juyo ba ni ya duba ba, keken ya duba. Ya taho yana jan ƙafar hagu, ya shafa sirdin, ya shafa sarƙar, ya kai yatsa ga hancinsa.

"Man gyaɗa," ya ce.

Sannan ya dube ni. "Isuhu? Kai ne ka yi gemu? Ina littattafan?"

"An sace."

"To Allah ya yi maka magani." Ya yi dariya, dariyar ta tsaya a rabi. "Suna lahiya? Inna? Baba?" Ya ɗan tsaya. "Yayarka?"

"Lahiya lau."

"Mi ta ce?"

Na nemi taurarin da hawayen, babu ko ɗaya a kaina. Na ce, "Ta ce kar in ce komi."

Ya gyaɗa kai. Ya karɓi keken daga hannuna, ya tura shi gefen rumfa, ya jingine a bango. Na ji kamar na sake faɗawa cikin ƙayar nan.

Ya ba ni shayi da burodi, ya ba ni rigar sanyi. Ina ci yana kallon gwiwata da takalmina.

"Wace mota ta kawo ka?"

"Shi," na ce, na nuna keken.

"Wanga? Tun daga ƙasa?" Ya dubi hannun keken, inda shi da kansa ya cire ƙarafan. "Kuma da mi za ka sauka?"

"Da shi mana."

Bai yi dariya ba kamar mai faci. Ya ajiye kofin da ke hannunsa. Sai ya ce in biyo shi. A ɗakinsa akwai akwatin ƙarfe ɗaure da igiya. Ya kwance ya buɗe. Zannuwa ne a ninke, irin waɗanda aka daina yayinsu tun ina lakwal.

"Shekarata ta biyu na saye su," ya ce. "Na shiga kamiyo, babbar motar kaya, zan taho gida. Munka kai tsakiyar gangara birki ya ƙi. Ka gane ta a hanya, tana nan kwance. Mu uku munka hita da rai." Ya dafa ƙafarsa. "Tun ran nan, duk shekara sai in ɗaure akwatin ga, in aika a ce ina tahe. In je bakin mota, in ɗora ƙafa. Sai in ji ƙarar nan a kunnena, jikina ya ɗau ɓari, zufa ta karyo. In sauko. Direbobi sun san ni, har sun bar karɓar kuɗina. Da ƙafa kuwa ba ni kaiwa, na gwada." Ya rufe akwatin. "Kai da ka yi karatu, hwaɗa mini, ta yaya namiji zai aika a ce wa matarshi tsoro ne ya riƙe shi?"

A duk littattafan da na karanta, abin da ke riƙe namiji wata kyakkyawa ce, ko asiri, ko kurkuku. Ban taɓa karanta wannan ba. Na karya umarnin Yaya sau ɗaya kawai, na gaya masa maganar Baba da ruwan farko. Ya ce, "Baba ya yi gaskiya." 

Kwana biyu keken yana jingine. Ina taya shi wanke kofuna, ina kallon gajimare yana tasowa daga kwari da hantsi yana nufar arewa. A rana ta uku ya ɓace da safe, ya dawo da tsofaffin ƙarafan birki da ya ciro daga mataccen keken wani. Ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafar mai ciwo, ya wuni yana ɗaurawa. Ya yanko sabuwar roba daga tsohuwar tayar mota. Ya matsa, ya saki, ya sake matsawa. Ni ina gefe raina a jagule. Na ce gyara mini yake yi in sauka lafiya in kai wa Yaya amsarta.

Da ya gama ya miƙe, ya riƙe keken yana kallo. Sai ya ce, "Wa ya gajarta mini sirdi?"

"Ni ne."

"Miƙo kile."

Na miƙa masa. Ya kwance, ya ja sirdin sama har inda tsohon zanen tsatsa ya nuna, ya ɗaure tam.

Washegari ya bar wa maƙwabcinsa rumfar. Akwatin ya yi nauyi, muka zuba zannuwan a buhu na goya. Ya ɗaura igiya a kariya ya ba ni bakinta. A bakin gangara ya hau, ya kama birki da hannu biyu, ya tsaya. Zufa tana bin wuyansa cikin wannan sanyin. Direbobi biyu suka fito suna kallo.

"Isuhu."

"Na'am, Yaya Illo."

"Kak ka saki."

"Ba ni saki."

"A mota wani ke riƙe da birki," ya ce, ba da ni yake ba. "Wanga a hannuna yake."

Ya ɗaga ƙafa. Muka shiga gajimare, shi a gaba yana matsa birki, roba tana kuka, ni a baya ina ja da igiya ina turjewa kamar mai riƙon ɗan maraƙi. Inda hanya ta kwanta in hau kariya, inda ta tsananta in sauka. Muna tsayawa a maɓuɓɓuga mu zuba wa ƙafafun keken ruwa, su yi tururi. Da muka zo saitin motar nan ya tsaya da kansa, ya leƙa, ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo. Bayan nan ya ɗan saki jiki. Kusa da ƙasa har ya ce in daina jan shi kamar akuya, na ce akuya ta fi shi saurin komawa gida. Mai faci na Mayo Selbe da ya hango mu ya tashi tsaye, matarsa ta sa masara huɗu a wuta.

Mun iso Tajaye sama tana ta haɗa hadari tana warwarewa, ko ɗigo bai sauka ba. Na so a ce Yaya ta saki taɓarya ta rugo, haka ake yi a littafi. Daka take yi da muka shiga. Ta tsaya. Ba ta dubi Illo ba, keken ta duba, tun daga taya har hannu.

"Wa ya sa mishi waɗanga ƙarafa?"

Illo ya ce, "Inda na hito, in babu su ba a isowa gida."

Ta dubi ƙafarsa, ta daɗe. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da kujera 'yar tsugune ta ajiye masa a inuwa, ta kawo ruwa a ƙwarya ta durƙusa ta miƙa. Ni ko kallona ba ta yi ba sai da yamma, da ta zubo mini tuwo ta sa nama biyu a kai.

Littafin nan da mai hula ya tafi da shi, na neme shi a kasuwar Illela ban samu ba, har yau ban san ko saurayin ya fito ba. Keken kuwa a tsakar gida ya kwana ran nan, da duk ranakun da suka biyo. Da safe na ga Yaya ta hau turmi ta kwance igiyar da ke azara, ta fita da ita ta ɗaure akuya.